Anti wane mai zan shafa fuskata ta dawo yadda take kafin na haihu?

Salam Anti, barka da ƙoƙari. Haihuwata ta fari ce, yau sati bakwai kenan, aiki akai min saboda naƙudar ta daɗe yaron bai sauko ba. Alhamdulillah shi dai lafiyarsa ƙalau. Matsalata jikina ne, fuskata tayi wani baƙi-baƙi a kumatu da goshi, wuyana ma haka, cikina har yanzu kamar mai cikin wata biyar ga nankarwa ko'ina. Wata ƙawata ta turo min hoton wani mai tace sati biyu zai wanke ni tas, shine nace bari in tambaye ki kafin in saya tunda ina shayarwa. Sannan kayan jariran da nake gani a waya, su keken koyon tafiya da filon jarirai da kujerar lilo, wanne ne dole? Kiyi haƙuri da tsawon saƙon, kwana biyun nan kaina ba daidai yake ba, ko yaron yayi bacci ni bana iya yi, sai in zauna inta kuka ban san dalili ba, wani lokacin in kalle shi inji kamar ba nawa ba, ina ganin da wata uwar ya samu da yafi masa. Ban faɗa wa kowa ba kar ace ban gode Allah ba. Maganar man dai nafi so ki amsa min.

*

Wa'alaikumussalam ƙanwata, barka da arziki, sannu da jego. Maganar mai da ta kayan jarirai duk zan amsa miki su in sha Allah, amma kiyi haƙuri ba da su zan fara ba, don abinda kika ɓoye can ƙarshen saƙon kamar bai kai a tsaya a kansa ba shi ne ya tsaya min a rai.

Kukan mai jego a kwanakin farko sanannen abu ne. Da zarar mabiyiya ta fita, sinadaran da suka riƙe cikin nan tsawon wata tara faɗuwa suke yi lokaci guda cikin kwana biyu uku, ga ciwon jiki ga rashin bacci, shi yasa fiye da rabin matan da suka haihu zaki same su rana ta uku ko ta huɗu suna hawaye akan abinda bai taka kara ya karya ba. Wannan kafin sati biyu ya wuce da kansa. To naki ya kai sati bakwai, kuma kin faɗi wani abu da duk ma'aikaciyar lafiyar da ta san aikinta in taji shi zata ajiye biro ta kalle ki, wato yaro yayi bacci ke kin kasa. Mai gajiya zalla ko a zaune take bacci ɗauke ta yake yi. Wadda ta gaji liƙis ta kwanta ido biyu zuciya na ta kai-kawo, ga kuka ba dalili, ga ganin kanta bata isa uwa ba, wannan kam yafi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa. Ba zan yanke miki hukunci daga saƙon waya ba, likita ne zai tabbatar, amma alamun sun isa ace kin je an duba ki a cikin satin nan, ba sai wata mai zuwa ba.

Kuma don Allah ki cire wannan tunanin na za'a ce baki gode Allah ba. Ciwo ne, kamar yadda hawan jini yake ciwo, kuma ba wanda ya taɓa cewa mai hawan jini butulu ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan mata 13 cikin 100 da suka haihu suna shiga matsalar ƙwaƙwalwa, akasari wannan damuwar, a ƙasashe masu tasowa ma adadin ya kusa 20 cikin 100. Kinga ke nan duk layin rigakafin da kika tsaya da yaron nan akwai irinki a ciki, kowacce ta ɗaura murmushi tana cewa lafiya lau. Haihuwar da tazo da wahala irin taki, an daɗe ana naƙuda ƙarshe aka shiga tiyata babu shiri, tana cikin abubuwan da suke ƙara jawo shi. Kin sha tsoro a ranar nan, wataƙila har kin cire rai, sannan da aka fito kowa ya rufu akan jariri ba wanda ya zauna ya tambaye ki ya kika ji.

Maganar kina kallonsa kiji kamar ba naki ba, nasan ita ce tafi cin ranki, kuma nasan sai da kika yi ta gogewa kina sake rubutawa kafin ki turo. Ba kowace uwa ce son ɗanta yake sauko mata a ɗakin haihuwa ba, da yawa a hankali yake shiga, da wanka da shayarwa da ranar da ya fara gane fuskarta yana murmushi, kuma ciwon damuwa shi kansa dusashe duk wani jin daɗi yake, har abinci baya yiwa mutum ɗanɗano. Idan aka yi maganin ciwon, abin nan da kike nema a zuciyarki kin rasa zai taso. Ni dai abinda na gani a saƙonki shi ne mace mai son fuskarta ta dawo, an nuna mata mai, amma ta ƙi saya sai ta tambaya saboda tana shayarwa. Wadda bata damu da ɗanta ba ai da tuni ta shafa.

Ga abinda nake so kiyi. Ki koma asibitin da kika haihu ko duk wanda yafi miki kusa, dama ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ce a duba mai jego aƙalla sau huɗu, na ƙarshen a sati na shida, to idan baki je wannan ba kin samu dalilin fita. In kin shiga kar ki tsaya a an duba ɗinki ance ya warke ki ɗauko jaka ki fito. Ki buɗe baki kice bana bacci ko yaro yayi bacci, ina kuka kullum, bana jin daɗin komai. Idan kinga bakinki zai yi nauyi ki buɗe wayarki ki miƙa musu saƙon nan da kika turo min su karanta. Akwai wata takardar tambayoyi guda 10 da ake kira ma'aunin Edinbara, tun 1987 ake amfani da ita a duniya, tana tambayar yadda kika ji a kwana bakwai da suka wuce, minti biyar ta ishe ki cikawa, ki amsa tsakani da Allah ba don ki burge kowa ba. Ki kuma roƙa a auna jininki, don wadda akai wa aiki ta zubar da jini, kuma ƙarancin jini yana kawo kasala da bugun zuciya da jiri. Haka wata halittar jiki da ake kira tayirod da ke maƙogwaro tana rikice wa wasu mata bayan haihuwa ta kawo alamomi masu kama da damuwa, gwajin jini ne ke raba gardama.

Magani kuma akwai. Wata zama da ƙwararre ana tattaunawa ne kawai yake isar ta, wata sai an haɗa da ƙwaya, kuma akwai ƙwayoyin da likitoci ke ba masu shayarwa irin su satiralin saboda abinda ke shiga nono daga cikinsu kaɗan ne ƙwarai, ba sai kin yaye ɗanki ba. Sai dai ba kamar maganin ciwon kai bane da zaki sha yanzu kiji sauƙi anjima, yakan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin kiji canji sosai, kar ki saya da kanki a kyamis, kar kuma ki daina rana ɗaya don kin ji sauƙi sai da sanin likitan.

Wani abu kuma da bazan rufe ba. Idan har tunanin cutar da kanki ko cutar da yaron ya taɓa zuwa miki, ko kika fara jin muryoyi, ko ganin abinda wasu basa gani, ko kika yi kwanaki a jere ba bacci sam kanki ya ruɗe, wannan ba na jiran gobe bane, ki miƙa yaron hannun wani babba a kai ki asibiti a wannan lokacin ko tsakar dare ne. Irin wannan mai tsananin yana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000 kuma shi ma ana warkewa. Daban yake da irin tunanin nan mai ban tsoro da yake gilmawa uwa, kamar taga yaron ya suɓuce daga hannunta a wajen wanka sai gabanta ya faɗi ta ƙara ƙanƙame shi, wannan iyaye da yawa suna yi, amma shi ma ki faɗa wa likita kar ki riƙe shi ke kaɗai.

Sai maigida. Baki ambace shi ba ko sau ɗaya, ban sani ba ko baya nan ne ko kunya ce. Yawancin maza in kace musu raina ba daɗi rasa abin yi suke sai suce kiyi haƙuri, amma in an basu aiki takamaimai suna yi. Ki faɗa masa abu biyu, ya raka ki asibiti, sannan a samar miki bacci na awa huɗu zuwa biyar a jere kowane dare ba tare da an tashe ki ba. Ki shayar da yaron ya ƙoshi, ki tatsa wani ki ajiye, nonon da aka tatsa a mazubi mai tsafta yana kai awa huɗu a ɗaki in ba zafi sosai, a firij kuma har kwana huɗu, shi ko mamanki ko wata 'yar uwa su ɗauki yaron su koma wani ɗakin inda ba zaki ji motsinsa ba. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka ƙanwata. Sannan ki sani yanzu kina daidai lokacin da kukan jarirai yake kai ƙarshen yawansa, wajen sati shida zuwa takwas, daga wata uku zuwa huɗu sai ya fara lafawa. Ranar da yayi ta tsala ihu kika ji kanki zai fashe, ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa ki fita ki sha ruwa ki wanke fuska minti goma ki dawo, kuka na minti goma ba zai masa komai ba, girgiza shi cikin fushi ne ke iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwarsa. Ki gaya wa duk mai riƙe miki shi wannan.

To yanzu man. Kar ki saya. Baƙin da kike gani a kumatu da goshi ciki ne ya kawo shi, sinadaran ciki ne suka sa fata ta ƙara fitar da launi, shi ne dai yasa wuya da hammata da kan nono suka yi duhu, da layin nan da ya sauko daga cibiya. Ga mata da yawa yana disashewa da kansa cikin watanni, wata ya kai shekara. Duk man da akace zai wanke mutum cikin sati biyu kuwa, kusan kullum ɗaya daga cikin sinadarai uku ne a ciki, sitiroyid mai ƙarfi irin kulobitasol, ko haidirokwinon, ko makyuri. Sitiroyid zai baki hasken da ƙawarki ta gani a hoto, gaskiya ne, amma bayan 'yan watanni fatar ta zama siririya jijiyoyi su fito kore-kore, ƙuraje su feso, nankarwar da kike kuka da ita ta ƙara faɗi, rauni ya daina warkewa da wuri alhali ke ga sabon ɗinki a mara, ranar da kika daina kuma baƙin ya dawo ya ninka na da. Haidirokwinon in aka daɗe ana shafa shi ba bisa ƙa'ida ba yana barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda ya fi na yanzu wuyar fita nesa ba kusa ba. Makyuri shi ne mafi muni, yana taɓa ƙoda da jijiyoyi, yana bi ta nono, kuma ki tuna inda yaron nan yake wuni, kumatunsa a ƙirjinki, bakinsa a wuyanki, hannunsa ya shafo fuskarki ya kai baki. Tun 2013 ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata wadda ta haɗa da hana mayukan da ke ɗauke da shi, amma har yau ana sayar da su a intanet, kuma ba rubutawa suke a jikin kwalbar ba. Ƙawarki ba mugunta take nufi ba, ita ma hoto aka nuna mata.

Abinda zai yi miki aiki ba shi da wani armashi a ido amma shi ne gaskiyar. Sabulu mara ƙarfi mara turare, man shafawa na gama-gari mai riƙe laima, sai babban cikinsu wato man kariya daga rana mai lambar SPF 30 a jikin kwalbarsa ko sama da haka, kullum da safe, a sake shafawa in za'a daɗe a waje, don rana ce take ciyar da wannan baƙin, ko kin yi wata uku kina gyara wuni ɗaya a rana tsaka zai iya maido ki baya. In kin samu mai ɗan launi kamar hoda yafi kare irin wannan tabon. Kar ki dirje wuyan da soso mai kaushi, ba dauɗa bace, dirzar ma ƙara masa duhu take. In kina son ƙari akwai mayuka masu azelik asid ko bitamin C, ana amfani da su lokacin shayarwa, amma a hankali suke aiki sai kin basu wata biyu uku. Idan yaron ya shekara abin bai tafi ba sai ki ga likitan fata.

Nankarwa babu man da ke goge ta, duk wanda yace miki akwai kuɗinki yake so. Tana yin haske ta kwanta da kanta cikin wata shida zuwa shekara, mai sai dai ya rage miki ƙaiƙayi. Ciki kuma, mahaifar da ta kai kusan kilo ɗaya ranar haihuwa zuwa yanzu ta koma ƙasa da giram 100, abinda kike gani fata ce da ta saki da kitse da naman ciki da ya buɗe ta tsakiya don yaro ya samu wuri. Ki kwanta rigingine ki tanƙwashe gwiwa ki ɗan ɗaga kai, ki sa yatsu a saman cibiya, in kika ji rami da ya wuce faɗin yatsa biyu ki nuna a asibiti su haɗa ki da masu gashin ƙashi su koya miki motsa jikin da ya dace. Banda irin motsa jikin nan na kwanciya ana tashi zaune, yanzu ƙara buɗe shi zai yi. Tafiya a ƙafa kaɗan-kaɗan, da matse gaba kamar mai riƙe fitsari ki saki sau da yawa a rana, sun ishe ki a yanzu. Bel ɗin ciki yana tallafa wa baya amma baya narkar da komai, kar ki tamke shi akan ɗinkin, shayin rage ƙiba kuma ki bar shi inda kika gan shi. In kinji gefen ɗinkin kamar ba naki ba in kin taɓa, jijiyoyin fata ne da aka yanka, yana ɗaukar watanni. Amma in wajen yayi ja ya kumbura yana ruwa ko wari, ko zazzaɓi ya kai 38, ko jini ya dawo yana cika audugar mata cikin awa ɗaya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi miki wuya, asibiti kai tsaye. Kuma in faɗa miki tun yanzu kar ki firgita, wajen wata uku zuwa huɗu gashinki zai fara zuba a matajin kai kamar me, gashin da ciki ya hana zuba ne yake fita lokaci guda, kafin yaron ya shekara yawanci ya cike.

Kayan jarirai, duk ukun da kika lissafa ba na dole a ciki, biyu ma haɗari ne. Jariri baya buƙatar filo har sai ya wuce shekara, a kwantar da shi rigingine akan katifa mai ɗan tauri a shimfiɗe, ba filo ba 'yar tsana ba tarin bargo, a ɗakin da kike kwana aƙalla wata shidan farko. Da aka fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a Amurka a 1994, mutuwar fuju'ar jarirai cikin bacci ta ragu da fiye da rabi. Keken koyon tafiya baya koya wa yaro tafiya, abinda yake yi shi ne ya bashi gudu da tsawon da zai kai ga matattakala ko ruwan zafi kafin ki juyo, Kanada ta haramta sayar da shi gaba ɗaya tun 2004. Kujerar lilo in kina da hali ba laifi ya zauna a ciki idonsa biyu kina kallonsa, amma in bacci ya ɗauke shi ki maida shi shimfiɗa, don wuyansa bai yi ƙwari ba, kan zai iya faɗowa gaba ya toshe masa numfashi. Abinda zan ce ki saya shi ne ma'aunin zafin jiki, saboda jaririn da bai kai wata uku ba in zafinsa ya kai 38 ba'a jira a gida, sai kujerar jarirai ta mota in kuna yawan shiga mota da shi, da man shafawa mara turare don wajen famfas. Hoda ki barta, ƙurarta shiga huhunsa take. Sauran abubuwan da kike gani a waya talla ce, kuma in da hali wayar ma ki daina ɗaukarta in kin farka cikin dare, kallon hotunan matan da suka haihu jiya yau sun fito ciki a lafe ba abinda zai ƙara miki sai ƙunci.

Ranar da zaki je asibitin ki haɗa da maganar tazarar haihuwa a zama ɗaya. Ƙwai yana iya sauka kafin ki ga al'adar farko, shayarwa kuma tana karewa ne kawai in yaron bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada bata dawo ba, ɗaya ya faɗi cikin ukun nan to kariyar ta tafi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bar wata 24 kafin a sake ɗaukar wani cikin, ke da aka yanka mahaifarki kin fi kowa buƙatar wannan hutun don ɗinkin ciki yayi ƙwari, kuma akwai hanyoyi da yawa da basa taɓa ruwan nono, su za su zaɓa miki wadda ta dace da jikinki. In kin dawo ki rubuto min abinda likitan yace, ina jira. Allah ya baki lafiya, ya raya mana yaro.